Sunan da Ke Jikin Buhu

Ranar Talata da sassafe aka gano satar, kuma a gona aka gano ta. Dada Yelwa, wata tsohuwa 'yar Mbamba da ta shekara ashirin da biyu tana noman rani a fili mai lamba arba'in da bakwai, ta zo da irin albasarta a kwando, sai ta tarar da tarakta tana kai da komo a tsakiyar filin. A gefe ga wani ƙaton mutum mai gemu, Alhaji Ɗanburam, ɗan kasuwar hatsi daga Jimeta, riƙe da takarda mai hatimin ƙungiyar manoman rani. Takardar ta ce filin nasa ne. Aka rankaya ofishin ƙungiya, aka kunna kwamfuta, ita ma ta ce nasa ne. Da aka nemi sunan tsohuwar a rajista kuwa, babu shi babu alamarsa, kamar ba a taɓa haihuwarta ba.

Kafin ƙarfe goma 'yan sanda sun ɗauko Keturah Absalom daga ɗan shagonta na unguwar Karewa. Ita ce ta rubuta manhajar da ƙungiyar ke ajiye rajistar filayenta a ciki, tun shekarar da ambaliya ta jiƙa tsohon littafinsu ya zama kunu. Mace ce mai son a ce aikinta ba ya da aibu, kuma gaskiya ba kasafai yake da shi ba. Da wannan sunan take ci, da shi makarantu da shagunan magani ke nemanta. A ranar kuwa ta zauna a bencin caji ofis tana kallon sunan yana zubewa.

Insfekta Bakari, dogon Bafulatani marar son doguwar magana, ya zaunar da ita gaban Alhajin.

"Alhaji, ita ce?"

"Oga, ni ban taɓa ganin fuskarta ba. A waya muka yi komai. Ta ce ita ce Keturah mai kwamfutar ƙungiya, wai tsohuwar ta gaji da noma tana son sayarwa."

"Kuɗin fa?"

"A wajen wani mai POS na kasuwa ta ce in bari. Can kuma na karɓi takarda cikin ambulan. Wallahi kuɗina cas na biya, ban rage ko sisi ba."

"Mun je wajen mai POS ɗin," Insfektan ya ce da Keturah. "Ya ce mace ce mai takunkumi a fuska da baƙin tabarau. Lambar wayar a kashe take. Ke ce?"

"Ba ni ba ce, Yallaɓai."

"Kowa haka yake cewa. Su wa ke taɓa kwamfutar?"

"Shugaban ƙungiya, Baffa Hamajoɗa. Sai sakatare, Malam Na'inna. Sai ni, in ta lalace."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ba ƙarya ta yi niyyar yi ba. Akwai mutum na huɗu, amma zuciyarta ba ta ƙirga shi a cikin mutane ba, kamar yadda mutum ba ya ƙirga hannunsa a cikin baƙin gidansa. Ana cikin haka sai ga wannan na huɗun ta shigo da gudu, ɗankwali a hannu. Liyatu ce. Shekara biyar ke nan da ta zo Jimeta daga wajen Ganye da jaka ɗaya, suka haɗu a ƙungiyar mawaƙan coci, Keturah ta ba ta katifa a ɗakinta, ta koya mata kwamfuta tun daga yadda ake riƙe linzami. Mutanen unguwa duk sun ɗauka uwa ɗaya ta haife su.

"Adda! Wane marar tsoron Allah ne ya yi miki wannan?" Liyatu ta rungume ta tana kuka har da shessheƙa. "Ko karyawa ba ki yi ba. Bari in je in dafa miki abinci in kawo."

Sai Keturah ce ma ta koma lallashinta. Da ta fita, Insfektan ya rufe fayil ɗinsa.

"Gobe da safe zan kai ki kotu. Sunanki aka ambata, manhajarki aka yi amfani da ita."

"Yallaɓai, ka kai ni gaban kwamfutar tukuna. Ni na haife ta, na san inda take ɓoye abu. In ban nuna maka komai ba kafin la'asar, ka kai ni inda ka ga dama."

Ya miƙe ya ɗauki makullin mota.

Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano a bakin hanyar Mbamba, rabinsa buhunan taki ne, ɗaya rabin tebur da kwamfuta mai aiki da hasken rana. Dada Yelwa na zaune a ƙofa, ta lulluɓe kwandon irin albasarta da jiƙaƙƙen tsumma. Ta ɗaga kai ta kafa wa Keturah ido. Da zagi ta yi da ya fi sauƙi.

Insfektan ya fara da shugaba. Baffa Hamajoɗa dattijo ne da idanunsa suka fara hazo.

"Baffa, wa ke da ikon sauya mai fili a cikin na'urar nan?"

"Ni kaɗai. Akwai kalmar sirri, yarinyar nan ce ta sa mini. Sai na buga ta da hannuna."

"Ka taɓa ba wani?"

"Ko uwar 'ya'yana ba ta san ta ba."

"Yaushe ka sauya na ƙarshe?"

"Bayan ƙaramar salla, da wani memba ya rasu aka ba ɗansa."

Keturah ta buɗe shafin da manhajar ke rubuta duk wani sauyi da aka yi da kalmar sirri, da ranarsa da sa'arsa. Na ƙarshe shi ne wanda dattijon ya faɗa. Babu fili na arba'in da bakwai a ciki.

"Ko ya goge?" Insfektan ya tambaya.

"Ba ya goguwa, Yallaɓai. Ni ma da na rubuta shi ba zan iya goge shi ba sai na fasa rumbun bayanan gaba ɗaya."

Aka juya kan sakatare. Malam Na'inna tsohon malamin firamare ne, gumi ya riga ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kai ke zama a kan kwamfutar kullum."

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma iyakata in shigar da sabon memba, in buga takarda. Akwatin mai fili a kulle yake a wajena."

"Kai ka shigar da Alhaji Ɗanburam?"

"Ban taɓa jin sunan ba sai yau."

"Hatimin ƙungiya fa?"

Malam Na'inna ya sunkuyar da kai. "A durowar nan yake. Durowar kuwa makullinta ya ɓata tun bara."

"Madalla. Wa kake bari shi kaɗai a ɗakin nan?"

"Babu kowa. Sai dai ƙanwarta, in ta zo kwafe bayanai ƙarshen wata. Ita kam 'yar gida ce, nakan bar ta in tafi masallaci."

Insfektan ya juyo a hankali. "Kin ce mini ku uku ne."

"Liyatu ce, Yallaɓai. Ni nake aikenta. Ba ta da kalmar sirri, ba za ta iya sauya komai ba." Har da ɗan fushi ta faɗa, kamar an zagi uwarta.

"To wa ya rage? Dattijo bai yi ba, sakatare ba ya iyawa, ƙanwarki ba ta iyawa. Kin ga inda lissafin ya tsaya?"

Ta gani. A kanta ya tsaya. Ta ja kujera ta zauna gaban allon, ta buɗe shafin fili na arba'in da bakwai. A saman shafin akwai wani ɗan akwati mai kibiya a gefe, wanda in an latsa shi jerin sunayen membobi ke saukowa, mutum ya zaɓi ɗaya. Ta roƙi Baffa Hamajoɗa ya buga kalmar sirrinsa, ta juya baya har ya gama. Sannan ta latsa kibiyar. Jerin ya sauko, sunaye ɗari biyu da 'yan kai. Ta bi su da ido daga sama zuwa ƙasa, sai hannunta ya tsaya cak.

Alhaji Ɗanburam ya fito sau biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Ta buɗe na farkon. Sabon memba ne, an shigar da shi kwana tara da suka wuce, ba shi da fili ko ɗaya. Ta buɗe na biyun, ta juya allon wajen Insfektan.

"Karanta, Yallaɓai."

Ya sunkuya ya karanta da ƙarfi. "Alhaji Ɗanburam. Mace. Shekara saba'in da ɗaya. Mijinta ya rasu." Ya ɗago ya dubi gemun Alhajin, wanda ya biyo su a motarsa. "Allah ya ji ƙan maigidan naki, Hajiya."

Malam Na'inna ya tuntsure da dariya duk da halin da yake ciki. Alhajin ya ce wannan wulaƙanci ne, shi namiji ne har da jikoki. Keturah ce kaɗai ba ta yi ko murmushi ba.

"Yi mini bayani," in ji Insfektan. "Da Hausa, ba da harshenku ba."

Ta tashi ta je wajen buhunan takin. Kowanne an rubuta sunan mai shi da baƙar alli.

"Ka ɗauki kowane memba kamar buhu ne. A jikinsa an rubuta suna, a cikinsa akwai shekaru, unguwa, magaji da sauransu. Shi kuma fili, a cikinsa aka ajiye buhun mai shi. Wancan akwatin zaɓin, dole mai rubuta manhaja ya ɗaure shi da wani abu, don in an zaɓi suna ya san abin da zai sauya. In ka ɗaure shi da buhun kansa, zaɓen sabon suna zai ɗauke buhun tsohon mai fili ya ajiye na sabo. Kowa yana nan da kayansa, fili ne kawai ya sauya hannu. Haka wannan manhajar ke yi."

"In ba haka aka ɗaure ba fa?"

"In ka zurfafa hannu ka ɗaure shi da sunan da ke jikin buhun, to buhu ba zai motsa ba. Sai dai a goge sunan mai shi a rubuta wani a kai. Kayan ciki na nan yadda suke. Wannan buhun Dada ne, Yallaɓai. Suna kawai aka shafe. Shi ya sa aka neme ta aka rasa."

"Amma kin ce manhajar nan ba ta yin haka."

"Ba ta yi."

"To wace ce ke yi?"

Shekara uku ta ɓoye abin, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ita ce Keturah da aikinta ba ya da aibu.

"Ta farko da na rubuta. Na yi wannan kuskuren a cikinta. Na gano kafin in kawo nan, na gyara, na ƙara kalmar sirri da shafin da ke rubuta sauyi. Tsohuwar ba ta da ko ɗaya. In aka jona ta da kwamfutar nan za ta buɗe rumbun, ta sauya abu, ba ta tambayi kowa ba."

"Wa ke da ita?"

Ta tuna wata ranar Asabar, suna tsinkar zogale a ƙofar ɗaki, Liyatu ta ce, Adda, ki ba ni wata manhaja in riƙa koyo da ita. Ta ɗauko jan filash ta zuba mata tsohuwar, ta ɗiga masa farin jan-farce don kada ya haɗu da nata. Liyatu ta tambaya ko tana aiki daidai. Ita kuwa, don kunya, ta ce sumul take.

"Mutum ɗaya na ba wa," ta ce. "Mu koma, Yallaɓai. Tana can tana jirana da abinci."

Suka shiga mota suka kama hanyar Jimeta. Keturah ta yi ta neman wata hanyar da lissafin zai bi ya kauce wa Liyatu. Ko filash ɗin ya faɗi wani ya tsinta. Ko an ara. Ta yi addu'a Allah ya sa ita ce ta yi kuskure, karo na farko a rayuwarta da ta roƙi haka.

Liyatu na zaune a bencin da kula a cinya. Ta miƙe da sauri.

"Adda, tuwon masara ne da miyar yakuwa, na sa gyaɗa yadda kike so. Sun sake ki?"

Makullan ɗakinsu na rataye a ɗan yatsanta. A tsakaninsu ga jan filash mai ɗigon fari.

Insfektan ya shigar da su ofishinsa, ya nuna wa Liyatu kujera.

"Yaushe rabonki da Mbamba?"

"Ƙarshen wata, Yallaɓai. Adda ce ta aike ni."

"Kwana tara ke nan?"

"Kamar haka."

"Sakatare ya bar ki ke kaɗai?"

"Ya je salla. Kwafe bayanai kawai na yi. Ni ba ni da kalmar sirri, ku tambayi Adda."

"Ban tambaye ki kalmar sirri ba. Mene ne a cikin wancan filash ɗin?"

Ta ɗan matse makullan. "Waƙoƙin coci ne."

"Ba ni shi, Liyatu," in ji Keturah.

"Adda, me ya faru? Me suka faɗa miki?"

"Ba ni."

Keturah ta jona shi a kwamfutar teburin Insfektan. Akwai waƙoƙin coci da gaske. A ƙarƙashinsu ga tsohuwar manhajar. Kafin ta taɓa ta, ta janye hannunta.

"Yallaɓai, kai za ka buɗe, kada a ce na sa wani abu. Amma bari in faɗa maka abin da za ka gani. Lokacin da nake gwada ta, na gaji da sake neman inda na tsaya, sai na sa ta riƙa tuna shafin ƙarshe da zaɓin ƙarshe, ta ajiye su a gefenta cikin filash. In ƙarya nake yi, akwatin zai fito babu komai."

Insfektan ya latsa sau biyu. Shafin ya buɗe. Rumbun ƙungiya ba ya nan, don haka duk layukan fari ne, ban da biyu. A sama an rubuta arba'in da bakwai. A cikin ɗan akwatin mai kibiya an rubuta Alhaji Ɗanburam.

Kular ta zame daga cinyar Liyatu, Insfektan ya tare ta da ƙafa kafin ta kife.

"Ga yadda aka yi," ya ce, yana ƙirgawa a yatsunsa. "Kin shigar da Alhaji a matsayin sabon memba, wannan kowa na iya yi. Kin jona tsohuwar manhaja don ba ta neman kalmar sirri. Kin zaɓi sunansa, kin buga takarda, kin buga hatimi daga durowar da ba ta kulluwa. Kin ɗauka fili ɗaya kika tura daga hannu zuwa hannu, babu sawu. Da kin bi ta hanyar dattijo da shafin ya rubuta. Da ita ce ta yi," ya nuna Keturah, "da ba ta ɗauki kayan aikin da ta san ya karye ba. Wanda bai san da karayar ba ne kaɗai zai ɗauka."

Liyatu ta juyo, idanunta sun bushe ƙamas. "Kin ce mini sumul take."

Keturah ta yi tsammanin kuka, ko roƙo, ko rantsuwa. Wannan ba ta zo mata a rai ba.

"Au, laifina ne ke nan?"

"Shekara biyar, Adda. Je ki Mbamba, je ki Ajiya, kwafo wannan, kai wancan. Kowa Keturah, Keturah. Ni ko sunana ba su sani ba, ƙanwarta suke cewa. Shago nake so in buɗe, nawa na kaina."

"Da kin faɗa mini da na raba nawa biyu na ba ki. Kin san haka." Keturah ta matso kusa da ita. "Ba satar ce ta fi ci mini rai ba. Da aka tambaye ki suna a waya, duk sunayen duniya ba ki ga na bayarwa ba sai nawa?"

"Ke aka sani. Ke za a yarda da ke. Na san ko an kama ki za ki fita, kina da wayo."

"Da safen nan kin rungume ni kina kuka. Har na lallashe ki."

Wata 'yar sanda ta zo ta karɓi makullan, ta zare filash ɗin ta sa a leda, ta miƙa wa Keturah sauran. Aka fita da Liyatu ba ta waiwayo ba.

"Kuskurenki ne ya cece ki," in ji Insfektan. "Da aikinki bai da aibu da gobe kina gaban alƙali. Ga abincinki nan."

"A ba wanda yake so, Yallaɓai."

Washegari da hantsi, bayan 'yan sanda sun ɗauki hoton allon, ta koma Mbamba. Ta buɗe buhun da aka shafe, ta goge sunan Alhajin, ta rubuta na mai shi harafi bayan harafi. Dada Yelwa ba ta iya karatu ba, amma ta nace sai an nuna mata. Keturah ta latsa kibiyar, jerin ya sauko, ta ɗora yatsa can wajen ƙasa.

"Ga ki nan, Dada."

Tsohuwar ta shafa wurin da yatsanta, ta bar ɗan sawun ƙasa a kan allon. "Useko, ɓingel am, na gode, 'yata. Allah ya raba ki da mugun cikin gida." Ta ɗauki kwandonta ta nufi fadama, irin albasar ya ɗan yi yaushi amma bai mutu ba.

Malam Na'inna ya sayo sabon kwaɗo yana ɗaura wa durowar. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "To, ƙarshen wata wa za ki riƙa aiko mana ya kwafi bayanan?"

Keturah ta kashe kwamfutar, ta ɗauki jakarta. Makullan ɗaki iri ɗaya guda biyu suka yi ƙara a ciki.

"Ni zan zo," ta ce.